Waken Turawa a bayan ɗakin Inna

Shekarar farko da na gwada shuka waken Turawa, koren nan mai mulmulallun ƙwayoyi da ake zubawa a soyayyar shinkafa, na yi abin da kowane Basakkwace zai yi. Na jira ruwa ya zauna a watan Yuli, na binne shi yadda ake binne waken gona. Ai wake wake ne, in ji ni. Rabi a cikin ƙasa ya ruɓe, wanda ya fito kuma bai kai tsawon yatsa ba ya yi rawaya ya kwanta. Inna ta leƙo ta tagar ɗakinta ta ce, "Auta, wanga wake naka bai san Sakkwato ba."

Gaskiyarta. In dai batun yanayi ne, suna kawai ya haɗa shi da waken namu. Namu zafi yake so, shi kuwa ɗan sanyi ne, shi ya sa wanda muke saye a kasuwa galibi daga Jos ake kawo shi. Ya fi jin daɗi in ma'aunin zafi na tsakanin digiri 13 da 18, in kuma ya haura 30 sai fure ya riƙa zubewa bai ɗaura kwanso ba. A garin da watan Afrilu ke wuce digiri 40, ban da hunturu ba ka da wata dama.

Don haka na sake a ƙarshen Nuwamba. Wani direba maƙwabcinmu nan Mabera ya kawo mini busasshen iri daga Jos, cikin ƙullin leda. Na jiƙa shi da magariba, kafin asuba ya kumbura ya sake yamutsin jikinsa. Bayan ɗakin Inna na zaɓa, don katanga na tare ranar yamma. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, sai na cakuɗa ta da tsohon kashin awaki da ya riga ya ruɓe. Zurfin rami gaɓar yatsa ɗaya da rabi, tazara faɗin yatsu uku. Takin zamani na yuriya ko ƙwaya ɗaya ban sa ba, don shi ma kamar waken namu, akwai 'yan ƙulluttai a jikin saiwarsa da ke samar masa abinci daga iska. In ka cika masa taki, ganye zai yi maka ya hana ka 'ya'ya.

Kwana tara ya fito. Kwana goma sha ɗaya ƙadangaru suka same shi. Ni da nake tsaron awaki, ashe ɓarawon yana kan katanga yana gyaɗa mini kai! Layi guda suka aske. Tsohon gidan sauro na lulluɓa a kai, sannan aka zauna lafiya.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne hawansa. Na kakkafa karan dawa, na ɗaura zare tsakani. Daga bakin ganye yake fitar da wani siririn zare mai lanƙwasa, yana lalube a iska kamar makaho na neman sanda. Da safe ka gan shi bai taɓa kome ba, kafin washegari ya nannaɗe kara sau biyu ko uku, ya riƙe gam. Nakan tsuguna da butar ban ruwa in manta da aikin da ya fito da ni. Ruwan kuma a gindi nake zubawa da sassafe, ba a kan ganye ba, don iskar hunturu na busar da ƙasa kafin azahar.

Farin fure ya fito a farkon Janairu, kwanso ya biyo baya. Wanda ya cika ya yi tauri kaɗan shi ake tsinka, ana riƙe reshe da ɗaya hannun don kada a tumɓuke. Ɗanye yana da zaƙi kamar an ɗiga masa sukari, amma in ya kwana biyu a ajiye zaƙin ya tafi, ya koma irin na kasuwa. Yaran gida sun gano haka kafin ni, shi ya sa abin da ya isa madafi bai fi kwanon sha biyu ba duk kakar. Inna ta zuba a dambun shinkafa, ta ci, ta ce ba laifi, amma ba ya ƙosarwa kamar wake na gaskiya.

Tsakiyar Fabrairu iska ta juya, sabon fure ya fara zubewa. Na bar kwanson ƙarshe ya bushe a jikin kara, na yanke harawar na ba awaki, na bar saiwar a ƙasa. Irin yana cikin kwalba da ɗan toka, a saman kwabar Inna.