Ranar da lissafin Alhaji ya juye

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja da harshen C, musamman ku da ke zirga-zirga tsakanin Agege da Yaba kuna neman aiki, ku tsaya in ba ku labarin asarar da na kusa jawo wa wani bawan Allah.

Shekarun baya na rubuta wani ɗan laburare na lissafin kuɗi, wanda manhajoji ke kira idan za su tara ciniki ko su cire bashi. Da kobo nake ajiye kuɗin, kuma har gobe haka ya dace. Inda na tafka kuskure shi ne mazubin da na zaɓa don ajiye lambar, wato nau'in da C ke kira long. Kwamfutata Linux ce, da GCC nake harhaɗa aikina, wato kompailar da ke mai da rubutun C ya zama manhaja. Na gwada miliyoyi, na gwada biliyoyi, komai lafiya lau. Sai aka ɗora manhajar a kwamfutar wani dillalin shanu a Agege, mai aiki da Windows. Wata uku ba a ji kanta ba.

Ran nan bayan la'asar wayata ta yi ƙara. "Injiniya, tirela biyu muka sauke tun jiya, mutane na zaune a gabana suna jiran kuɗinsu, na'urarka kuma ta ce ni ake bi bashi." Na ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, gani nan." Na hau babur. Da na isa na tarar da jimillar da alamar ragi a gabanta, yaronsa riƙe da babban littafin da suke rubutu da biro, shi kuma Alhaji ko kallona bai yi ba. Littafin nan ne ya rufa mana asiri a ranar.

Ga abin da ya faru. A Linux da macOS masu bit 64, long na da bit 64. A Windows kuwa bit 32 ne, ko da na'urar mai bit 64 ce. Mafi girman lambar da zai ɗauka ita ce 2,147,483,647. Mai da ita kobo, za ka ga naira miliyan 21 da dubu 474 da ɗoriya kawai. Wa zai sauke tirelar shanu biyu bai wuce wannan ba? Ƙa'idar C abin da ta yi alkawari shi ne long ba zai gaza bit 32 ba, shi ke nan. Sauran duk al'adar kompailata ce, ni kuma na ɗauke ta doka. Maganin kuwa yana nan tun C99: int64_t, mazubi mai bit 64 a kowace na'ura, a cikin fayil ɗin stdint.h, wanda Visual Studio ma ya kawo tun fitowar 2010. Idan girman lamba na da muhimmanci a aikinku, ku faɗe shi da sunansa.

Na gyara a daren, na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Tsofaffin fayilolin Alhaji suka ƙi karantuwa, domin na saba ɗaukar struct, wato ƙunshin mazubai, sukutum in zuba shi cikin fayil da fwrite. Da girman mazubi ɗaya ya canza, komai ya goce daga gurbinsa. Ga kuma gibin da kompaila ke sakawa tsakanin mazubai don daidaita su, wanda ba dole ne ya zo ɗaya a ko'ina ba. Kwana huɗu na yi ina rubuta abin da zai kwaso tsofaffin bayanan. Tun daga lokacin, bayit-bayit nake rubuta kowace lamba, da jerin da ni na tsara, na kuma rubuta tsarin a takarda.

Akwai wasu ƙananan ramuka da na faɗa. Char, mazubin harafi ɗaya, a kwamfutar Intel na ɗaukar lambar ragi, a wayar Android mai ARM ba ya ɗauka, don haka idan ka zuba abin da getchar, mai karanto harafi, ya dawo da shi a char kana jiran EOF, alamar ƙarshen fayil, wayar za ta yi ta juyi ba tsayawa. Buɗe fayil a Windows ba tare da "rb" ba, wato umarnin karanta bayit yadda suke, na taɓa ƙarshen layi, kuma yana iya tsayawa cak idan ya ci karo da bayit mai lamba 26. Kudi.h da kudi.h fayil ɗaya ne a wurin Windows, biyu ne a wurin Linux.

Abin da ya fi cin raina shi ne yadda na fara magance waɗannan: ko'ina na ga matsala sai in manna #ifdef, umarnin da ke sa kompaila ta zaɓi layukan da za ta harhaɗa, har ni da na rubuta na kasa bin zaren. Kada ku yi haka. Ku tattara duk abin da ya shafi Windows a fayil ɗaya, na Linux a wani, su fito da sunayen ayyuka iri ɗaya, sauran laburaren kada ya san inda yake zaune.

Kuma ku gwada tun ranar farko, tun aikin bai wuce layi ɗari ba. Ni tsohuwar kwamfuta na saya a Computer Village da ke Ikeja don Windows kaɗai. Kompailolin GCC, Clang da MSVC duk sai sun harhaɗa aikina kafin ya bar hannuna, da -Wall da -Wextra a biyun farko, /W4 a na ukun, don su fito da gargaɗi, kuma ina karanta gargaɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Inda na dogara da girman wani abu, ina sa _Static_assert na C11, don harhaɗawar ta tsaya a teburina tun kuskuren bai kai shagon mutum ba.

Gwajin farko a laburaren nan har yau shi ne ƙara kobo 1 a kan kobo 2,147,483,647. Alhaji na nan yana amfani da manhajar, yaronsa kuma bai daina rubutu a littafin ba, ni ma ban taɓa ce masa ya daina ba.