Wasiƙa daga Haidarabad: Babbar Rigar da Ta Gagari Kwamfuta

Zuwa ga iyayena da yayyena da ƙannena na Katsina ta Korau, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne daga birnin Haidarabad na jihar Telangana a ƙasar Indiya, inda na shiga shekara ta uku ina karatun zane mai motsi na kwamfuta da dabarun haɗa hoton fim, waɗanda masu sana'ar suke kira VFX. Tun ranar da na baro gida tambaya ɗaya ce take ta biyo ni a waya: wai da gaske ne katun na tafi karantawa? Dattawa suna yin tambayar cikin damuwa, domin a ganinsu wanda aka kashe wa dukiya ya ƙetare teku kamata ya yi ya dawo likita ko injiniya. Samari kuwa cikin ɗoki suke yin ta, suna zaton akwai wata manhaja da mutum zai danna ta fito masa da fim a dare ɗaya. Na ga ya dace in amsa wa ɓangarorin biyu a wuri ɗaya, in kuma roƙi wata alfarma a wurinku.

Abin da ido yake gani a matsayin motsi a fim, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, guda 24 a cikin kowace daƙiƙa. Ke nan fim mai tsawon minti 90 yana ɗauke da hotuna 129,600, kuma idan na kwamfuta ne, babu ko ɗaya daga cikinsu da kyamara ta ɗauko a banza. Kowane abu da ke ciki sai an gina shi. Wani ne zai ƙera siffar mutum ko ta dabba daga dubban ɗigo da layuka, wani ya sanya mata ƙashi da gaɓɓai yadda gwiwa za ta lanƙwashe inda ya kamata, wani ya yi mata fata da launi, wani ya motsa ta, wani ya kunna fitilu a cikin duniyar da babu rana. Daga nan sai a bar kwamfuta ta lissafa yadda haske zai faɗa kan kowane ɗigo ya dawo ido, aikin da muke kira renda, wanda hoto ɗaya kan ci mintuna ko sa'o'i. Sai a shekarar 1995 aka fitar da cikakken fim na farko da aka yi gaba ɗaya ta wannan hanya, wato Toy Story na kamfanin Pixar, saboda haka sana'ar tamu yarinya ce idan aka kwatanta ta da ƙira ko jima ko rini.

Shekarata ta farko ba ta yi kama da abin da na zo da shi a zuciya ba. An ba mu fensir da takarda, an fitar da mu bakin titi mu zana masu wucewa, an sa mu maimaita ƙwallo tana faɗuwa tana tsalle har sai mai kallo ya iya bambance ƙwallon roba da na ƙarfe daga motsinsu kawai. An dawo da mu kan lissafin kusurwa da aljabara da fiziks, darussan da da yawa daga cikinmu muka ɗauka mun rabu da su a sakandare, sannan aka koya mana rubuta umarni da harshen kwamfuta na Python. Na kuma ɗanɗana aikin da ake kira roto, wanda a cikinsa ake bin gefen jikin ɗan wasa ana yanke shi daga bayansa hoto bayan hoto, har silin gashi, domin a ɗora shi a wani wuri daban. Da wannan aiki mai cin ido da ƙugu dubban matasan Indiya suke cin abinci a Mumbai da Bangalor da Cennai da nan Haidarabad, kuma da yawa daga manyan finafinan Amurka da ake kallo a gidajen kallo na Katsina sun bi ta hannunsu, ko da yake sunayensu sai can ƙarshen rubutun da ba mai tsayawa ya karanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikin da aka ba mu a wannan zango. An ce kowane ɗalibi ya yi fim na daƙiƙa goma a kan wani abu na garinsu. Ban yi dogon tunani ba, na zaɓi mahayi guda ɗaya a ranar hawan Sallah, ya taho a sukwane ta filin Ƙofar Soro, ya yi zamiya, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Na ɗauka abin da na tashi ina kallo tun ina kan kafaɗar mahaifina ba zai ba ni wuya ba. Daƙiƙa goma hotuna 240 ne kacal, amma yau wata na uku ke nan ina kansu.

Dokin ne ya fara nuna mini cewa kallo daban, lura daban. A shekarar 1878 wani mai ɗaukar hoto mai suna Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ya tabbatar da cewa doki mai sukuwa yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya, kuma hakan na faruwa ne a lokacin da ya tattaro su ƙarƙashin cikinsa. Har yau da waɗannan hotuna ake koyar da mu, kuma sun taimake ni a kan sukuwa. Amma babu zamiya a cikinsu. Babu yadda dokin sarauta yake dasa ƙafafun baya ya kusa zama a ƙasa idan an ja linzami, babu taƙamar da yake yi da wuya a lanƙwashe saboda nauyin kayan ado, babu yadda jalala take karkaɗawa ko yadda mahayi yake tokare likkafa ya miƙe. Na bincika rumbunan da ake sayar da siffofi da motsin da aka riga aka shirya, na tarar da dawakin tsere da na yaƙin Turawa da na makiyayan Amurka birjik, ban sami ko ɗaya mai sirdi irin namu ba.

Babbar riga kuwa ita ce ta fi wahalar da ni. Manhajojin da muke aiki da su suna da lissafin da ke kwaikwayon yadda tufafi suke motsi, kuma sun zo da ma'aunai shiryayyu na siliki da ulu da fata da yadin wandon jins. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya sa rigar ta zube a jikin mahayin kamar jiƙaƙƙen zane, wani ya sa ta kumbura kamar tanti. Shaddar da ta sha bugu tana da taurinta, tana karyewa ne a kan layi maimakon ta kwanta, ga kuma ƙyallin da ke sauyawa idan mai ita ya juya. Gaban rigar, inda aikin aska takwas yake, ya fi sauran jikinta nauyi da ƙarfi, saboda haka ba ya kaɗawa tare da su. Sannan ga saɓa hannun riga a kafaɗa, wanda Bahaushe yake yi ba tare da ya san ya yi ba, amma a wurin kwamfuta yadi ne mai faɗi da ya ninku a kan kansa sau da yawa, kuma duk inda ninki ya ratsa ninki sai lissafin ya rikice rigar ta tarwatse. Malamin da ke duba aikina, mutum mai shekaru da yawa a sana'ar, ya zauna tare da ni ya gwada iyakar saninsa, daga ƙarshe ya ce mini bai taɓa riƙe irin wannan tufa a hannunsa ba, don haka ni ne zan koya masa yadda take.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana ɗinki a cikin gari, shi ya fitar da ni. Na kira shi da hoton bidiyo, ya shimfiɗa riga a tabarma ya nuna mini yadda ake yanka ta ƙyalle-ƙyalle, inda ake haɗa su, da inda ake sa shafi a ciki. Ya ce mini: "Ɗana, ai riga daga yanka take samun zamanta, in ka ɓata yanka babu gugar da za ta gyara." Na koma na rushe abin da na gina, na yanka rigar a cikin kwamfuta kamar yadda tela yake yi, na ɗinke ta gaɓa-gaɓa, na ba wa wurin aiki nauyinsa daban. A karon farko ta zauna a kafaɗar mahayin kamar ta mutumin kirki. A ranar na fahimci cewa rabin ilimin da na zo nema a Indiya na baro shi a shagon kawuna.

Haka abin yake a kan haske. Yawancin misalan da ake koyar da fatar mutum da su an gina su ne a kan farar fata, wadda haske yake shiga cikinta ya bazu ya ba da ja-ja. Baƙar fata kyanta yana cikin sheƙin da take mayarwa ne, a goshi da kunci da karan hanci, kuma wanda bai lura da wannan ba sai ya fitar da mutanenmu sun yi toka-toka kamar marasa lafiya. Hazon hunturu ma ba irin hazon ƙasashen sanyi ba ne, domin namu ƙura ce busasshiya da take mayar da rana fara, ta kashe kaifin inuwa. Bangon ƙasa da aka yaɓe da makuba yana shan haske ta hanyar da siminti ba ya yi. Duk waɗannan abubuwa babu mai ajiye mana su a rumbun kowa, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayi yanzu daga hotunan da suka tarar a intanet suke koyo, shi ya sa idan ka ce su zana maka basaraken Hausa sukan haɗo maka rawanin wata ƙasa da rigar wata.

Ƙannena masu sha'awar wannan fanni, kada ku zauna jiran biza. Akwai manhaja mai suna Blender wadda wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya assasa, kuma tun shekarar 2002 kyauta ce ga kowa. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, wanda ya ci kyautar Oscar ta zane mai motsi a 2025 a gaban manyan kamfanonin Amurka. Na san matsalar wuta da tsadar data, na kuma san kwamfuta mai ƙarfin katin hoto ta fi ƙarfin aljihun yawancin gidaje, amma darussan farko ba sa bukatar babbar na'ura, kuma littafin zane da fensir ba sa jiran NEPA. Ku riƙe lissafi da kyau. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Hassan Usman da na Dutsin-ma sun riga sun mallaki ginshiƙin da ni sai da na zo nan na gina, kuma idan mutum huɗu ko biyar suka haɗu, mai zane da mai lissafi da mai labari da mai sauti, sun isa su fitar da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta minti uku wadda yaranmu za su kalla da harshensu.

Iyayena kuma, ba zan ɓoye muku cewa sana'ar tana da haɗarinta ba. Aikin kwangila ne, yana zuwa yana ɗaukewa, kuma ana kwana a kansa idan lokacin miƙawa ya matso. Kamfanin Rhythm & Hues, wanda a lokacin yake da reshe a wannan birni, ya bayyana karyewarsa a watan Fabrairun 2013, kwanaki kaɗan kafin aikinsa ya ci Oscar, kuma a Fabrairun 2025 rukunin Technicolor ya durƙushe, ma'aikata masu yawa a Indiya suka wayi gari babu aiki. Sai dai ilimin bai tsaya ga fim ba. Da shi ake nuna wa mai gini gidansa kafin a sa tubalin farko, da shi ake koya wa ɗaliban likitanci yadda zuciya take bugawa, da shi za a iya nuna wa manomi yadda tsutsa take cin masara da lokacin da ya dace a yi feshi. Game da batun sura, wato hukuncin zana mai rai a addini, wanda mahaifina ya tayar tun kafin ya sa mini albarka, magana ce da malamai suka yi bayani a kanta kuma fahimtarsu ta bambanta, don haka ya kai ni wurin malaminsa muka ji ta bakinsa kafin in taho, kuma ina ba kowane matashi shawarar ya yi hakan. Fannin yana da faɗi, akwai masu ƙare rayuwarsu a kan gine-gine da ruwa da wuta da ƙura ba su taɓa zana mai rai ba.

Ga alfarmar da nake roƙo. Akwai dabarar da ake ɗaukar gini hotuna masu yawa ta kowace kusurwa, kowane hoto yana hawa kan rabin na kusa da shi, sai manhaja ta haɗa su ta fitar da siffar ginin da tsayinsa da kaurinsa da duk tsagar da ke jikinsa. Wayar hannu mai kyamara mai kyau ta isa. Hasumiyar Gobarau, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, da ragowar ganuwa da damina take ci kowace shekara, da tsofaffin zauruka masu daurin guga da ake rushewa ana zuba kankare a cikin unguwanni, da rijiyar Kusugu a Daura, duk sun cancanci a adana su haka, bayan an nemi izinin masu kula da su. Wanda zai yi, ya zaɓi safiya ko ranar da gari ya lumshe, ya zagaya a hankali, kada ya yi amfani da zuƙowa.

Idan kuma Allah ya kai mu Sallah, ina roƙon wanda yake da hali a cikinku ya tsaya a gefen fili, inda zai ga doki ta haƙarƙari, ya kafe wayarsa a kan wani abu don kada ta girgiza, ya ɗauko mini zamiya tun daga jan linzami har tsayawar ƙura. Ƙafafun baya nake so su fito sosai, domin a nan aikina ya tsaya, kuma sai na gyara su kafin in miƙa shi a ƙarshen zango.

Ina gaida kowa da kowa, manya da yara. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam, naku,
Ɗanku ɗalibi a Haidarabad