Sauya ƙimar asali ta fankshin lokacin gwaji a Python

A manhajar da muke haɗa wa masu POS a nan Katsina akwai fankshin mai aika saƙo. In sabis ya yanke, sai ya jira daƙiƙa 30 ya sake gwadawa, har sau 3. Ga yadda aka rubuta shi: `def aika(sako, jira=JIRA, maimaici=3)`. `JIRA` suna ne da ke riƙe da daƙiƙa 30 ɗin. Shi da 3 su ne ƙimomin asali, wato waɗanda fankshin ke ɗauka in mai kira bai ba da nasa ba. Gwaji ɗaya kacal na yankewar sabis yana cin sama da minti guda, don haka na so jiran ya koma sifili.

Abin da kowa ke fara yi shi ne ya sauya `JIRA` ta hanyar `mock.patch`, kayan aikin Python mai musanya abu na ɗan lokaci yayin gwaji. Ba ya aiki. Python na lissafa ƙimar asali sau ɗaya tak, lokacin da ya karanta layin `def`, ya adana ta a jikin fankshin ɗin, cikin `__defaults__`. Daga nan ba ya ƙara waiwayar `JIRA`, ko ka sauya shi sau ɗari.

Saboda haka can na nufa: `patch.object(aika, "__defaults__", (0, 3))`, wato 0 na `jira`, 3 na `maimaici`. Da gwajin ya ƙare, tsofaffin ƙimomin za su dawo da kansu. Kada ka sauya da hannu ka bari haka, gwaje-gwajen da ke biye duk za su gaji sifilin nan.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsawon jerin. Daga dama ake raba ƙimomin. In ka ba da `(0,)` kaɗai, `maimaici` ne zai karɓi sifilin, `jira` kuma ya zama ba shi da komai, sai kuskuren `TypeError` ya fito in an kira fankshin ba tare da `jira` ba. Dole ka cike jerin duka, har da wanda ba ka nufin taɓawa. Ƙimomin guraben da suka zo bayan alamar `*` a layin `def` kuwa ba a nan suke ba, suna cikin `__kwdefaults__`. In kuma an lulluɓe fankshin da dekoreta (fankshin da ke naɗe wani fankshin) mai amfani da `functools.wraps`, na ainihin yana `aika.__wrapped__`, shi za ka taɓa.

A gaskiya wannan dabarar ta kod ɗin da ba naka ba ce, wanda ba ka da ikon gyarawa. Namu kam gyara shi na yi: `jira=None`, a ciki kuma in `jira is None` ya ɗauki `JIRA`. Yanzu a kowane kira ake karanta ƙimar, `mock.patch` ɗin farko ya isa. A kula dai da `is None`: `jira or JIRA` zai ɗauki sifili tamkar babu, ya mayar da kai daƙiƙa 30.