Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Dardumar Ƙugiya

Masu karatu, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a kan zamana a Nova Scotia ta ƙasar Kanada da fara koyon saƙar darduma da ƙugiya. Yau aikin kansa za mu shiga.

Sana'ar talakawa ce tun asali. A ƙarni na 19 matan gabashin Kanada da na jihar Maine ta Amurka kan yayyanka tsofaffin tufafi su cusa a buhun algarara, su samu abin shimfiɗa lokacin sanyi. Har yau ana yi a kan algarara, sai dai idan ta tsufa tana rududdugewa, shi ya sa mai son darduma ta daɗe lilin yake saya.

Ƙugiyar kamar kwarashi take, amma da mariƙin katako. Ana ɗaure yadin, algarara ko lilin, a firam ya yi tsam, a bar rarar santimita 10 a kowane gefe. Yadin ulun da za a saƙa da shi kuwa sai an wanke shi da ruwan zafi ya tsuke, sannan a yanka shi ziri-ziri bisa tsayin zare. Wanda aka yanka a karkace tsinkewa yake a hannu. Faɗin ziri da lamba ake faɗa: lamba 8 rubu'in inci ce, lamba 3 siririya ce ta aikin furanni. Ɗan koyo ya fara da 8. A tanadi ulu ninki huɗu zuwa shida na faɗin wurin da za a cike.

Hannun hagu na ƙarƙashin yadi riƙe da ziri, na dama na sama da ƙugiya. A zura ƙugiyar cikin yadi, hannun ƙasa ya ɗora zirin a bakinta, a jawo. Jan farko bakin zirin ake fitarwa sama, daga nan sai maɗaukai, wato zirin a lanƙwashe, kowane tsayinsa daidai da faɗin zirin. Babu ƙulli ko ɗaya, matsin juna ne ke riƙe su. Idan sabon maɗauki yana zare na bayansa, to hannun ƙasa ya matse zirin, ko kuma ba a karkata ƙugiyar baya wajen ja ba.

Babbar ɓarna ita ce cusawa a kowace ƙofa, wato 'yan ramukan da ke tsakanin zaren yadin. Mutum na ganin ƙarko yake nema, alhali dardumar tashi za ta yi ta ƙi kwanciya. Da lamba 8 ana tsallake ƙofa biyu ko uku. A riƙa shafa baya da yatsa: in an ji kumburi, zirin ya murɗe, a warware. Kada a tsallaka da ziri ta ƙasa zuwa wani wuri, nan takalmi zai fara ci. A fito da shi sama a datse.

In an gama, sai a kifa dardumar, a ɗora jiƙaƙƙen tawul, a danna dutsen guga ba tare da gogawa ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ɗinkin baki da rinin ulu.