Jiran kira ma aiki ne

Horon da ake ba mai aikin sa kai na agajin gaggawa kusan duk a kan wurin hatsari yake. Za a koya maka danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, in ka danna sau 30 ka hura masa numfashi sau 2. Za a koya maka tsayar da jini da tallafe karaya. Abin da babu darasinsa shi ne yadda za ka yi da sa'o'in da wayar take shiru, alhali su suka fi yawa nesa ba kusa ba. A ganina nan nauyin aikin yake, kuma yawancin waɗanda na ga sun ajiye, zaman jiran ne ya gajiyar da su, ba ganin jini ba.

Abin da ya fara canzawa a wurina shi ne yadda nake auna nisa. Na daina tambayar kilomita nawa ne, sai minti nawa. Dalilin a fili yake: idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a kawo na'urar da ke ba zuciya shokin ba, damar rayuwa na raguwa da kamar kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Shi ya sa a Birtaniya, 'yan kwana-kwanan da ke jiran kira daga gida ake so mazauninsu ko wurin aikinsu ya kasance kusan tafiyar minti 5 daga tasha. Ranar da nake kan jadawali, duniyata takan tsuke ta koma 'yan unguwannin da ke kewaye da ni. Ba na shiga dogon layi. Ba na zama a kujerar mai aski, don babu wanda ke son zuwa wurin mara lafiya da rabin kai. Wanka ma wayar tana kusa, an ƙure mata sauti. Idan za mu fita da iyali, sai na tabbatar suna da hanyar komawa gida ko ba ni.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda mutum zai ji kunyar kiransu darasi. Tankin mota ba ya sauka ƙasa da rabi. Ina ajiye ta da baya, gabanta na kallon hanya, a inda ba wanda zai tare ni. Waya da oba-oba suna kwana a caji. Makulli wurinsa ɗaya ne, kuma duk mutanen gidan sun san ba a ɗaukarsa.

Shirin dare shi ne wanda na fi ba muhimmanci, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka tayar daga barci mai nauyi ba shi ne mutumin da ya kwanta ba. Magagin nan yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 kafin ya sake shi, wani lokaci ya fi haka, kuma a cikinsa hannu na aiki amma lissafi ba ya aiki. Maganinsa shi ne kada ka bar wa wannan mutumin wata shawarar da zai yanke. Tufafi na jere a kan kujera bisa tsarin da zan sa su, safa a cikin takalmi, tocila da safar hannu a aljihun riga, gorar ruwa a bakin ƙofa. Idan kira ya shigo, ina kunna fitila gaba ɗaya, in karanta adireshin sau biyu, in faɗe shi da baki. Wannan ba ya cin fiye da daƙiƙa goma, amma juyawa daga titin da ba shi ba ne yana cin mintuna. Kuma, ko da ba a cika faɗa ba, ka zaga bayi kafin ka fita. Kiran da ka zata na rabin awa ne yana iya kai ka asuba.

A kan hanya kuwa, jiki yana ce maka taka mota. Kada ka saurare shi. A Amurka, bayan bugun zuciya, hatsarin mota na cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki, kuma da dama masu sa kai ne da ke kan hanyar amsa kira a motocinsu na kansu. Motarka ba ta da jiniya, a wurare da yawa ma doka ba ta ba ka izinin karya danja ba. In tafiyar ta kilomita biyu ko uku ce, abin da gudu zai rage maka bai wuce minti ɗaya ba. In ka yi karo kuma, ƙungiyar da ke da mara lafiya ɗaya ta koma tana da biyu, ga shi ta rasa hannu ɗaya.

Barci ne ya fi ba ni wahala. Ko daren da ba a kira ba, barcin mai jira ba ya yin nauyi, kunne ɗaya na wurin waya. A 1997 wasu masu bincike a Ostiraliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarinsa da saurin hankalinsa kan ragu kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, adadin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Mai sa kai da ya tashi ƙarfe 6 na safe ya tafi wurin neman abincinsa, in aka kira shi ƙarfe 11 na dare, ya riga ya kai wannan matsayin tun bai taɓa mara lafiya ba. Saboda haka na mayar da ɗan rintsawa na minti 20 da rana wani ɓangare na shiri, daidai da duba jaka. Na daina shan kofi bayan tsakar rana, don rabin sinadarinsa yana nan a jiki bayan kamar awa 5. Maganin mura mai sa barci kuma, ranar da na sha shi ba na kan jadawali.

Akwai kuma waɗanda ba su cike takardar shiga ba amma suna biyan kuɗin aikin: mutanen gida. Ƙarar da ta tashe ni su ma ta tashe su, kuma ni na san inda na nufa, su ba su sani ba. Na liƙa jadawalina inda kowa zai gani. Ranar jira ba na ɗaukar alkawari kai tsaye, musamman da yara, sai in ce zan zo idan ba a kira ni ba. Yaro yakan jure rashin zuwanka, abin da ba ya mantawa shi ne ka ce za ka zo. Haka ma maigida a wurin aiki, gara a zauna da shi tun da wuri a tsayar da ranakun da za ka iya fita da waɗanda ba za ka iya ba. A Jamus doka ta tilasta wa mai kamfani ya saki ɗan kwana-kwanan sa kai idan an kira shi, albashinsa bai yanke ba, ƙaramar hukuma ta mayar wa kamfanin kuɗin. Inda babu irin wannan doka, fahimtar juna ce kawai madogara, ita kuma ba ta son a zo mata ba zata.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne mutum ya iya cewa "yau ba na nan". Sabon shiga yana ganin cire sunansa daga jadawali kamar gazawa ce, sai ya bar shi a can yana zazzaɓi, ko yana wani gari, yana fatan kada a kira. Amma mai tsara aiki sunaye yake ƙirgawa. Idan ya ga mutum huɗu ba zai nemi taimakon maƙwabtan tasha ba, sai an kira biyu sun fito sannan a fara nema, bayan mintunan da suka fi tsada sun riga sun tafi. A Amurka kusan kashi 65 cikin 100 na 'yan kwana-kwana masu sa kai ne, a Jamus sun kai kusan miliyan ɗaya, a Chile kuwa dukkansu ne. Tsari mai girman haka yana tafiya ne a kan mutanen da ke faɗin gaskiya game da ko za su iya fitowa yau.

Ni yanzu ina cire sunana idan ban samu barcin kirki ba, ko ina shan magani, ko ni kaɗai ne babba a gida tare da yara, ko an yi wani kira mai nauyi da har yanzu bai bar raina ba. Ina sanarwa da wuri don a samu mai maye gurbina, ba na kuma dogon bayani. Ranar hutu kuma ina kashe oba-obar gaba ɗaya, don in na bar ta a kunne zan ji kiran, in na ji shi kuma na san zan fita.