Yadda Na Nemo Asalin Surukata a Takardun Wani Ƙauyen Ingila

Surukata ce ta ɗora mini aikin. Wata ranar Lahadi muna gidanta a Norwich, bayan an kwashe kwanuka, ta ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit ta ajiye a gabana. Cikinsa hotuna ne da suka yi ja, da takardar auren iyayenta, da littafin rabon abinci na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta ce, "Ɗana, kullum ina jin kana lissafa wa jikokina kakanninka har hawa bakwai. Ni nawa daga kakana suka tsaya. Ka nemo mini sauran tun ina da rai." Na ce, "To Mama, in Allah Ya yarda."

Ni a gida Katsina ban taɓa buɗe takarda don sanin asalina ba. Gwaggona ce ta zaunar da ni ta zayyana mini, wane ya haifi wane, daga wane gari aka taso. Ita kuwa Mama abin da ta gada bai wuce sunan wani ɗan ƙauye kusa da Dereham ba, a tsakiyar lardin Norfolk, sai wata magana guda da kakanta ya sha faɗa: wai mutanensu a amalanken doki aka kawo su ƙauyen, da ɗan doka biye da su. Ba wanda ya san ma'anarta.

Farkon aikin bai ba ni wuya ba. Tun 1 ga Yuli 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, kuma jerin sunayen yana nan kyauta a shafin intanet na FreeBMD. Ga kuma ƙidayar jama'a duk shekara goma. Na ga mahaifin Mama yana yaro a ƙidayar 1921, wadda sai a Janairun 2022 aka buɗe ta ga jama'a. Ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi, don haka rajistar 1939 ce ke cike giɓin. Daga nan na riƙa ja da baya goma-goma, 1911, 1901, 1891, har 1851, ina haɗa kowane hawa da takardar aure ko ta haihuwa. Sana'arsu ba ta canza ba. Gaban sunan kowane namiji haruffa biyar ne, "ag lab", wato ɗan ƙodagon gona.

A ƙidayar 1851 na tarar da wani dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, hawa biyar sama da Mama. A gida muka laƙaba masa Tsoho. Ƙidayar 1841 ba ta ƙara mini komai a kansa ba, domin a waccan shekarar duk wanda ya wuce sha biyar ana rage shekarunsa zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, mai 34 ya koma 30, kuma ba a rubuta garin haihuwa, sai dai a ce cikin lardin aka haife shi ko a waje. Ta 1851 ita ce ta fara faɗin gari, kuma ta ce a ƙauyen nan aka haifi Tsoho.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini kusan rabin shekara. Na duba FreeREG, shafin intanet mai ɗauke da tsoffin rajistocin coci, na ga an yi wa wani jariri baftisma a cocin ƙauyen, suna ɗaya, shekaru sun yi daidai, uban manomi ne mai gonar kansa har da wasiyya. Na leƙa bishiyoyin dangi da mutane suka ɗora a intanet, fiye da goma, duk sun ɗaura Tsoho a wannan gidan. Na ɗauka bakin mutane da yawa shaida ce. Na je na faɗa wa Mama cewa kakanninta masu ƙasa ne, ta yi murna har ta kira ƙanwarta a waya. Sai daga baya, ina karanta hoton rajistar jana'iza shafi-shafi don neman wani abu daban, na ci karo da jaririn nan. An binne shi bai kai shekara ba. Mutum ɗaya ne ya yi kuskuren tun farko, sauran suka kwafa, ni ma na bi sahu. Komawa wurin tsohuwar nan in warware abin da na faɗa ya yi mini nauyi ƙwarai. Tun daga ranar duk jaririn da na gani a rajistar baftisma, sai na bi shi cikin ta jana'iza kafin in yarda ya girma.

Daga nan na bar kwamfuta na nufi gidan adana takardun tarihi na Norfolk, nan cikin Norwich. Sabon gini ne, domin a da takardun suna ƙarƙashin babban ɗakin karatu na garin wanda gobara ta cinye a 1994, Allah Ya sa aka tsira da su. Jaka a kabad, biro haramun, fensir kaɗai ake shiga da shi. A can na fahimci rajistar coci tana da tarihinta, kuma wanda bai san shi ba zai karanta ta a karkace. Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, shi ya ba da umarni a 1538 kowace gundumar coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A ƙarshen ƙarnin aka ce a koma rubutu kan fata, a kuma riƙa aika kwafe ga bishop, wato babban malamin cocin yankin, kuma waɗannan kwafe-kwafen ne ke ceton mai bincike idan ɓera ko danshi ya ci na asali. Kafin 1752 sabuwar shekara 25 ga Maris take kamawa, saboda haka jaririn Fabrairu yana iya fitowa kamar an haife shi kafin auren iyayensa na Afrilu. Daga 1754 aure ya sami littafinsa daban, da sa hannun ango da amarya da shaidu. Daga 1813 aka kawo littattafai bugaggu masu layin sana'ar uba da mazauninsa, da shekarun mamaci. Tsoho an haife shi kafin wannan, lokacin da malamin coci kan rubuta suna da kwanan wata ya wuce.

Kwana uku ina juya maikurofim, wato fim ɗin hotunan rajistocin ƙauyukan kewaye, ban ga komai ba. Wata ma'aikaciya ta ga na dafe kai, ta tambaye ni me mutumin yake yi. Na ce ƙodago. Ta ce to in daina nemansa inda ake neman masu wasiyya, in nemi takardun talakawan gundumar.

Ga yadda abin yake. A wancan zamanin, tun dokar 1662, kowane talaka a Ingila yana da gunduma ɗaya da nauyinsa ke kanta idan ya gaza, kuma kuɗin daga aljihun masu gidaje da gonakin wurin yake fitowa. Ana samun wannan haƙƙi ta wurin uba, ko koyon sana'a, ko kuma saurayi ya yi wa mutum ɗaya barantaka shekara cur. Shi ya sa wasu manoma kan sallami bara ana saura mako guda shekara ta cika, don kada ya zama kayansu. Idan talaka ya nemi taimako a garin da ba nasa ba, sai a kai shi gaban alƙalai biyu ya rantse ya ba da labarin rayuwarsa, su gano gundumarsa, su rubuta umarnin a mayar da shi can.

Aka kawo mini wani ƙunshi ɗaure da zaren auduga. Takardun sun yi launin shayi, kowace an ninke ta uku, ana danne gefenta da wata igiya mai nauyi don kada ta naɗe. Na buɗe wajen talatin kafin na ga sunansa. Rubutun magatakarda ne, amma maganar ta Tsoho ce. Ya ce a wani ƙauye daban aka haife shi, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa. Ya bar gida yana yaro ya shiga aikin gona. Ya yi shekara guda cif a gidan wani manomi a ƙauyen Mama, yana kwana a gidan, an biya shi ladansa. Bayan ya yi aure ya koma wani gari neman aiki, ciwo ya kwantar da shi, ga mata ga 'ya'ya uku, an jera sunayensu da shekarunsu. A ƙasa, wurin sa hannu, alamar kuros ce, tawada ta ɗan ɗiga a gefe. Manne da ita akwai umarnin alƙalai na a kwashe su a miƙa wa masu kula da talakawan ƙauyen da ya yi barantaka.

Na daɗe a zaune ban taɓa fensir ba. Amalanken doki da ɗan doka ke nan. Maganar ta yi kusan shekara ɗari biyu tana yawo a bakin mutanen gida ɗaya, an manta dalilinta, amma ba ta yi ƙarya ba. Ƙidayar gwamnati ce ta yi kuskure, ko shi ya faɗi ƙauyen da ya ɗauka nasa, ko mai ƙidayar ya rubuta abin da ya zata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba don an daraja Tsoho aka rubuta rayuwarsa ba. An rubuta ta ne don gundumomi biyu suna tunkuɗa wa juna kuɗin abincinsa. Duk da haka ita ce takarda ɗaya tak da muryarsa ke ciki, kuma manomin nan mai wasiyya bai bar irinta ba.

Da sunan ƙauyen haihuwarsa a hannu, cikin rabin awa na ga baftismarsa. Gefen layin an sa harafin P. Daga 1783 zuwa 1794 gwamnati ta sa harajin taro, wato kwabo uku, a kan kowane suna da aka shigar rajista, amma an yafe wa matalauta, harafin kuma alamarsu ce. Ashe iyayensa ma taro ya gagare su.

Sauran ya zo da sauri. Taswirar ushirin coci, wadda aka zana bayan dokar 1836, ta ba kowace gona da kowane gida lamba, da sunan mai shi da na mazauninsa. Na ga lambar ɗan gidan da Tsoho ya yi haya, da lambunsa da bai kai kwatan eka ba. Rajistar jana'iza kuma ta nuna inda ya ƙare: gidan matalauta na Gressenhall, wanda aka gina a shekarun 1770, yau ya zama gidan tarihi da ɗalibai ke zuwa yawon buɗe ido.

Da bazara muka ɗauki Mama muka je ƙauyen. Na ɗora tsohuwar taswirar kan ta yau a wayata, muka bi wata siririyar hanya har inda gidan ya kamata ya kasance. Gonar gwozar sukari ce yanzu, sai 'yan ɓaraguzan jan bulo a bakin kunya. A maƙabartar coci mun karanta duwatsu ɗaya bayan ɗaya, babu sunansa, domin dutse sai mai hali. Mama ta zauna a benci kusa da ƙofar cocin, ta ce in sake karanta mata takardar rantsuwar, a hankali. Da na zo kan sunayen yaran uku ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce na tsakiyar sunan ƙanwarta ne, kuma mahaifinsu ne ya dage a sa mata shi, ya ce suna ne na gidansu tun da.