Gaisuwar da Ba a Amsa Ba a Tucson

Wata bakwai ke nan ina Tucson, jihar Arizona ta Amurka, amma har yau in na tuna ranar da na shiga garejin maƙwabcina sai kunya ta rufe ni. Dattijo ne, tsohon makanike. Shi ya ce in leƙo ran Asabar in ga yadda yake ɗura harsashinsa da hannunsa.

Na shiga da fara'ata, na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gwiwarsa mai ciwo. Ko ɗagowa bai yi ba. Hannu kawai ya ɗaga mini kamar ɗan sandan hanya. Ni da na tashi a unguwar da ƙin amsa gaisuwa ya isa a kai ƙarar mutum wurin manya! Na tsaya kamar an dasa ni.

Sai na ga ya ɗauki faranti mai kwanson harsashi 50, ya juye albarushin kowanne, ya faro daga farko. Wai surutuna ya sa ya manta inda ya tsaya. Harsashin libarba mai ƙarfi, wanda ake kira .44 Magnum, yake haɗawa. Ya ce in kwanso ya sha zubi biyu, libarba na iya tarwatsewa a hannu. In kuma an tsallake ɗaya ba albarushi, kan harsashin ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya tarar da shi. Gwangwanin albarushi ɗaya tak yake bari kan tebur. Awo kuwa da sikeli, da wani ƙanƙanin ma'auni da sai ka tara 15 da ɗoriya kafin giram ɗaya, kuma daga mafi ƙarancin abin da littafin awo ya rubuta yake farawa, ba ya haura iyakarsa. Kafin ya rufe, sai ya haska tocila cikin kowane kwanso.

Duk wannan wahala don gasa ce. Ana jera kaji, aladu, talotalo da raguna na ƙarfe, ragon can nesa mita 200, sai ka kayar da shi a ba ka maki. Rago fa! Ni da bana ko ƙahon ragon layya ban gani ba, kuɗi kawai na tura.

Don in wanke kaina na ce masa ai mu ma jinin maharba ne. Kawuna da tafin hannu yake auna albarushin adakarsa, ya danna tsumma, ya shiga daji. Na faɗa da alfahari, amma ban ƙarasa masa cewa yatsu uku suka rage wa Kawu a hannun hagu ba.

Da daddare Inna ta kira, ta ce, "Ɗan nan, ina ka wuni?" Na ce wurin wani dattijo mai gyaran ƙarafa. Yadda gida yake yanzu, in ta ji kalmar bindiga daga bakina ba za ta runtsa ba. Sai ta shiga ba ni labarin bikin ƙanwata, wai an ɗaga shi zuwa bayan kaka, hanyar garinmu ba ta biyuwa.